Gyaran Tsohon Gidan Ƙasa a Ƙauye Idan Kuɗi Ba Su da Yawa

Wani ɗan'uwa ma'aikaci da ke zaune a Kaduna ya aiko da tambaya. Ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar musu gidan ƙasa a ƙauye, mai zaure ɗaya da ɗakuna biyar, uku daga ciki soraye ne, biyu kuma an yi musu rufin kwano tun yana yaro. Yanzu soro biyu suna yoyo, katangar gabas ta tsage, gindin bangon zaure ya zaizaye, ga shi mahaifiyarsu ta ce ba za ta koma birni ba. Abin da ya tara ba zai isa ya rushe ya gina na bulo ba, shi ya sa yake tunanin ya sa a yi wa gidan fulastar siminti ciki da waje, a rufe shi da kwano, a shafa fenti. Yana son ya san ko wannan dabara ce, da kuma inda ya kamata ya fara.

Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na daɗe ina aikin duba gine-gine da gyaransu, na ƙasa da na bulo, kuma amsata a taƙaice ita ce gidanku zai gyaru da abin da ke hannunka, matuƙar ka kashe kuɗin a kan hanyoyin da ruwa ke bi yana cin gidan kafin ka kashe ko sisi a kan ado. Fulastar simintin da kake niyya kuwa, ita ce abin da zan fi roƙonka ka dakata da shi, kuma zan yi bayanin dalili a inda ya dace.

Amma kafin a kwaɓa ƙasa akwai maganar da ba ta gini ba. Gidan gado ne, kuma ban ji ka ce an raba ba. Na sha ganin mutum ya zuba guminsa a gidan da yake da ƙanne da 'yan uba a ciki, ranar rabo ta zo aka yi wa gidan kuɗi yadda yake bayan gyara, abin da ya kashe ya narke cikin rabon kowa, zumunci ya lalace. Ka tara magada, ku yi magana a gaban mai unguwa ko limamin garin, a rubuta cewa abin da za ka kashe kyauta ne, ko bashi ne a kan gidan, ko kuwa za a ware maka ɓangaren da ka gyara. Kowanne kuka zaɓa daidai ne, in dai an rubuta an sa hannu da shaidu.

Daga nan sai duba. Kada ka dogara da hoton da za a turo maka a waya, kuma kada ka je da rani kaɗai, domin da rani kowane gidan ƙasa lafiyayye ne a ido. Mafi amfanin tafiyar da za ka yi ita ce ta watan Agusta, lokacin marka. Ka tsaya a tsakar gida ana tsuga ruwa, ka ga inda indararo ke zubarwa, da inda ruwa ke kwanciya, da rariyar da ta toshe, da bangon da feshi ya fi duka. A yawancin ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa ban yi mamakin jin katangar gabas ce ta fara nuna gajiya ba. Minti talatin a cikin ruwa za su nuna maka abin da magini zai kwana uku yana kintace a kansa cikin watan Fabrairu. Idan tafiyar ba za ta yiwu ba, to alamun suna nan bayan damina: layin duhu a gindin bango, da kwararon da ruwa ya sassaƙa a jikin katanga ƙarƙashin indararo, da farin gishiri mai kama da kanwa da ke fitowa inda laima ta daɗe.

Ka riƙe ƙaramin ƙarfe ko wuƙa mai tsini ka shiga kowane soro. Ka soka a kan azara, musamman inda ta shiga cikin bango, domin a nan take fara ruɓewa ba a tsakiya ba. Azara mai lafiya ƙarfe ba ya shigarta, sai dai ya zame. Wadda ta mutu kuwa za ka ji ya nutse kamar a cikin rogo, wani lokaci har gari ya zubo. Sannan ka ɗaura dutse a zare ka sake shi daga saman bango ta cikin ɗaki don ka ga ko bangon ya karkata. A nan sai an lura, domin magina na da suna yin bango da kauri a gindi su riƙa rage shi yayin da yake hawa, saboda haka ɗan jingina da ake gani daga waje ba aibi ba ne. Abin tsoro shi ne bangon da samansa ya turo waje, ya rabu da abokinsa a kusurwa. Ƙa'idar da nake bi ita ce idan karkatar ta kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin bangon, ba na gyara shi, sauke shi nake yi a sake ɗorawa da ƙasarsa.

Tsagar katangar gabas tana bukatar haƙuri kafin a yanke mata hukunci. Tsaga iri biyu ce, akwai wadda ta faru ta tsaya, akwai wadda ke tafiya. Ka kwaɓa ɗan siminti ko farar ƙasa ka liƙa siriri a kan tsagar a wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka bar shi wata biyu ko uku. Idan liƙin bai dare ba, tsagar ta mutu, aikinta ɗinki ne kawai: a sassaƙe bango a gicciye kowane rabin mita, a kwantar da guntun azara, a cike da ƙasa mai kyau. Idan ya dare, to ƙasan bangon ne ke motsi, kuma kusan kullum za ka tarar da dalilin a kusa, ko ruwan wanka da ke bin gindin katangar, ko tsohon masai da aka binne, ko saiwar darbejiya, ko ramin gara. Cike irin wannan tsaga ba tare da an kawar da dalilin ba asarar kuɗi ce, za ta sake buɗewa kafin kaka.

Wataƙila wani ya ce maka ai gidan ƙasa ya zama tsohon yayi, gara ka haƙura ka tara kuɗi ka rushe. Ba na ƙin bulo, da shi nake aiki kullum, amma ka yi lissafin abin da kake da shi a tsaye. Bangon tubali mai kaurin rabin mita ko fiye yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi nisa, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tsohuwa za ta iya yin ƙailula a soro ba tare da fanka ba. Bulo mai inci 6 da rufin kwano ba silin ba ya ba da wannan, balle irin bulon da ake bugawa yanzu, wanda ake matsa wa buhun siminti ɗaya mai kilo 50 ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, ka taɓa shi da farce yana zuba. Ƙasa ba ta tsufa in ba ruwa ne ya same ta ba. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 da ƙasa aka gina ta, tana tsaye tun sabuntawar da aka yi mata a 1844. Bakan gizon, wato lanƙwasasshen ginin azara da ƙasa mai ɗauke da rufi, da shahararren magini Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 ya tsaya kusan shekara ɗari biyu, kafin wani ɓangare na masallacin ya rufta a 2023. Abin da ya riƙe waɗannan gine-gine tsawon waɗannan shekaru shi ne kulawa.

Saboda haka rufi ne farkon aiki, kuma shi zai ci kaso mafi girma na kuɗinka. Rufin soro hawa-hawa ne: azara a ƙasa, sai zana ko asabari ko kara a kanta, sai ƙasa mai kauri, sai shafen da ke hana ruwa shiga, da ɗan gangare zuwa indararo, rawani kuma, wato gajeren bangon da ke bakin rufi, ya kewaye shi. Yawancin yoyon soro daga wuri uku yake fitowa, wato bakin indararo, da inda rufi ya haɗu da rawani, da kwarin da ya samu a tsakiya saboda azara ta lanƙwasa. Kuskuren da aka saba yi shi ne duk shekara a hau a ƙara ƙasa a kan ta bara. Bayan shekara ashirin sai ka tarar da nauyin da azarar ba a yi ta don shi ba, kuma idan wannan ƙasa ta sha ruwan kwana uku a jere nauyinta ƙaruwa yake yi. Sorayen da ke ruftawa kan mutane cikin dare a watan Agusta, irin waɗanda aka yi ta jin labarinsu a Jigawa a daminar 2022, da yawansu haka suke faɗuwa. Don haka a kankare tsohuwar ƙasa tukuna, a duba abin da ke ƙarƙashinta. Kuma tun yau, duk soron da rufinsa ya yi ciki, a fitar da mai kwana a cikinsa, a tokare shi da itace mai ƙarfi har lokacin gyara.

Idan azara kaɗan ce ta lalace, a sauya ta ɗaya bayan ɗaya, bayan an tokare na kusa da ita. Azarar kirki daga giginya ake faskaro ta, kuma ɓangaren waje na gindin tsohuwar bishiya, baƙi mai nauyi, shi ne wanda gara ba ta iyawa. Farin da ke kusa da tsakiya ba shi da ƙarko ko da an ba ka shi da araha. Giginya ta yi ƙaranci a wurare da yawa, azara ta yi tsada, saboda haka kafin ka je kasuwa ka tambaya ko akwai wanda ya rushe tsohon gida a garin ko a maƙwabta. Azarar da ta shekara hamsin a rufi ba ta ruɓe ba ta riga ta ci jarrabawa, kuma sau da yawa masu ita da ita suke hura wuta. Ka kuma kula da tazara: azara ba ta son ta haye fiye da kamar mita biyu ba tare da mataimaki ba, wannan ne ya sa magina ke turo wasu daga bango a jere ko su ɗaura baka idan ɗaki yana da faɗi. Idan a gidanku akwai baka ko ɗaurin guga, wato bakan da suka gicciya juna a tsakiyar rufi, a zaure, kada ka bar birkila ya taɓa shi. Ka nemo tsohon magini, ko da daga wani gari ne, ko ka tambayi gidan Sarkin Magina idan yankinku yana da shi.

Game da kwano, ra'ayina ya sha bamban da na masu son a bar komai yadda kakanni suka bar shi. Soro yana son mai hawansa duk shekara, kai kuwa kana Kaduna, kuma samarin da za su yi wannan aiki sun tafi ci-rani. Ga mutum irinka, abin da ya fi shi ne a gyara soron, a rage masa nauyi, sannan a kafa rufin kwano a samansa a bar tazarar da iska za ta ratsa. Ƙasar ta zama silin mai tare zafi da ƙarar ruwa, kwanon kuma ya ɗauke mata ruwan sama gaba ɗaya. Sai dai akwai sharuɗɗa. Bakin kwanon ya fito daga bango aƙalla santimita 60, domin rowar falle biyu a nan ita ke sa ruwa ya riƙa sauka daidai gindin bango. Katakon kuma a ɗaure shi da waya mai kauri ko langalanga da aka ratsa cikin bango ƙasa sosai, kamar tsawon hannu, ba a aza shi a jera duwatsu a kai ba, domin iskar farkon damina ba ta jin nauyin dutse. A toshe gefen da raga saboda jemagu da tantabaru, a bar ƙofa ƙarama da yaro zai iya shiga ya duba. Bandir ɗaya falle 20 ne, kuma gara ka sayi mai ɗan kauri ka rufe ɗaki biyu bana da ka sayi mai kamar takarda ka rufe biyar. Tsofaffin kwanukan ɗakunan nan biyu ma kada a zubar: waɗanda ba su huje ba a kankare tsatsa a shafa musu jan fenti, sauran kuma su rufe madafa ko garken awaki. Idan ka tarar da tsohon silin na asbestos, kada a fasa shi ko a yanka shi da zarto, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa shi a cire shi ɗungurungum.

Bayan rufi sai gindin bango. Zaizayar da kake gani a zaure ruwa biyu ne ke yin ta, wanda ke fantsamowa daga ƙasa idan ana ruwa, da wanda bango ke tsotsa daga ƙarƙashi ya taho da gishiri. Da shekaru kuma titi da tsakar gida suna tasowa saboda shara da yashi, har ƙasan waje ya fi daɓen ɗaki tudu. A kwashe wannan tarin, a yi gangare daga bango zuwa waje, a buɗe rariya, a tsawaita indararo, a jera duwatsu inda ruwansa ke sauka. Wannan aikin shebur ne da baro, kusan ba ya cin kuɗi, amma shi ne rabin maganin. Ramin da ya samu a gindin bango kuma ba a cike shi da danƙararriyar laka a rana ɗaya, domin za ta bushe ta ja jiki ta bar bangon a rataye. A sassaƙe har a kai ƙasa mai tauri, a gina ciki da busasshen tubali, kuma a yi shi gaɓa-gaɓa, kamar mita ɗaya a bar mita biyu, sai ya kama a dawo a yi na tsakani. Na taɓa ganin leburori sun rarake gindin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan don su gama da wuri, Allah ne Ya sa suna cin abinci a waje lokacin da ya zauna.

Yanzu ga maganar siminti. Bangon ƙasa yana shan laima yana fitar da ita, yana ɗan kumbura da damina ya koma da rani. Siminti ba ya wannan motsi tare da shi, kuma ba ya barin laima ta fita da sauri. Cikin shekara biyu ko uku sai fulastar ta yi ƙananan tsagu kamar gashi, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ƙasar da ke baya ta riƙa narkewa a ɓoye alhali daga waje gida yana ƙyalli. Ni kaina na yi wannan kuskure a farkon aikina, a gidan wani kawuna, ina ganin na yi masa gata. Shekara huɗu bayan nan na je cikin hunturu na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, sai na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Na sa guduma na ɓalle wani yanki mai faɗin faifai, sai ga ƙasa baƙa mai sanyi tana zubowa, a watan da ko raɓa babu, ga hanyoyin gara sun yi reshe har sama. Tsakanin simintin da bangon hannuna ya shige har wuyansa. Kawu bai ce mini komai ba, sai dai ya aika a kira maginin da na hana aiki tun farko. Masu buga ƙusoshi ko wayar kaji a bango kafin su yi fulasta suna jinkirta ɓamɓarewar ne kawai, laimar tana nan tana aikinta.

Abin da bangon ƙasa yake so shi ne yaɓe irin nasa. A samo ƙasa daga inda garin ya saba ɗiba, a cuɗe ta da ramno ko ƙaiƙayi da kashin shanu, a bar ta ta tsima kwanaki ana juyawa, ba a kwaɓa da safe a shafa da hantsi ba. Kafin a yi duka gida, a gwada haɗi uku a jikin bango, kowanne kamar faɗin tabarmar salla, wani da yashi kaɗan wani da yawa, a bar su kwana uku. Wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa, wanda ke zuba idan an goga hannu yashi ya yi masa yawa, na tsakiya shi ne naka. A kankare tsohon yaɓe da ya saki, a yayyafa ruwa, a shafa sirara biyu maimakon mai kauri ɗaya. A sama kuma a bi da makuba, wato ruwan ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka jiƙa, wanda ke sa yaɓe ya yi jaja-jaja ya yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa a kansa. A da masu hali suna yin laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, wanda ke shekaru a kan soro da rawani, sai dai yau marina sun ragu, masu iya haɗa shi ma sun ragu. Idan ka samu a yankinku, rawani da zanko, wato tsinin da ke kusurwar rufi, da bakin indararo ne suka fi cancantarsa. A cikin ɗaki farar ƙasa ta wadatar, tana haskaka wuri kuma ba ta toshe bango. Fentin mai a kan ƙasa ɗan'uwan siminti ne wajen riƙe laima.

Wannan ba ya nufin kada ka sayi siminti ko buhu ɗaya. Wurinsa shi ne inda ruwa ke zuba kullum: daɓen makewayi, da murfin masai, da magudanar da za ta fitar da ruwan wanka nesa da katanga, da bakin rijiya. Idan Hajiya na bukatar banɗaki kusa da ɗakinta saboda tsufa, a gina shi da bulo a matsayin gini mai zaman kansa, da ɗan rata tsakaninsa da bangon ƙasa, kada a fasa soro a shigar da famfo ciki. Sabon masai kuma ya yi nesa da rijiya kamar mita 30, ya kasance ta gangare da ita. Daɓen ɗaki, idan matan garin har yanzu suna yin na gargajiya da tsakuwa da makuba, ya fi dacewa da gidan kuma ya fi araha. Idan siminti za a yi, to sai bayan an gama gyaran magudanan waje, in ba haka ba laimar da daɓen ya danne za ta koma cikin bango.

Gara tana bin laima, don haka yawancin abin da na faɗa a sama maganinta ne. Abin da ya rage shi ne a nemi shurinta a kusa da gida a tone, a daina jingina kara da itacen girki a bango, kuma duk sabon katako a shafe shi da maganin katako irin su Solignum ko aƙalla baƙin mai kafin a ɗora shi, musamman bakin da zai shiga ƙasa. Tsofaffin ɗakuna suna da duhu, kuma za a so a ƙara taga. Ana iya yi, amma ƙarama, nesa da kusurwa da kamar mita ɗaya, kuma a fara shigar da azara ko katako mai kauri a sama ya wuce faɗin tagar da taƙi guda kowane gefe kafin a huda ƙasansa. Taga biyu ƙanana masu fuskantar juna sun fi babba ɗaya amfani.

Lokacin aiki shi ne daga bayan girbi zuwa ƙarshen Maris. A lokacin mutane sun huta daga gona, ana samun kara da ƙaiƙayi a banza, kududdufi bai ƙafe ba, tubali kuma yana bushewa da kyau. Wanda ya bari sai ya ga hadari a Mayu zai biya tsada ya karɓi aikin gaggawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin dako ya zama babban kaso na farashin duk abin da aka ɗauko daga birni, saboda haka duk abin da amalanke za ta iya kawowa daga bayan gari ya fi maka abin da sai tifa ta kawo. Kwaɓar ƙasa da ɗibar ruwa da kwashe tarin shara aiki ne da gayya za ta iya yi idan ka tanadi abinci da goro, ka ajiye kuɗin hannu don magini da kafinta.

Yadda zan raba abin da ka tara shi ne kamar rabi a rufi, kashi ɗaya cikin biyar a gindin bango da magudanai, wani kaso makamancinsa a ajiye ba a taɓa ba, ragowar a yaɓe da ƙyamare. Ajiyar nan dole ce, domin ban taɓa buɗe tsohon soro na tarar da daidai abin da na zata ba. Ka yi jinga da magini ɗaki-ɗaki, ka biya kashi uku, na ƙarshe sai ka gani da idonka ko wanda ka amince da shi ya gani. Kayan aiki ka saya da kanka, kuma kada ka tura kuɗin gaba ɗaya ga ɗan'uwa ka ce ya kula, ba don rashin amana ba, sai don kuɗin da ke ajiye a ƙauye ba ya rasa mara lafiya ko suna ko biki da zai taso masa. Siminti kuma kada a saye shi sai satin da za a yi amfani da shi, na ga buhuna da yawa da suka zama dutse a zaure.

Bana ka tsaya a ɗakin Hajiya da zaure da katangar gabas da hanyoyin ruwa na gidan duka. Soro na biyu mai yoyo, idan kuɗi ba su kai ba, a kankare masa nauyi, a tokare shi, a shimfiɗa leda mai kauri a bi ta da ƙasa sirara, a kulle shi kada kowa ya kwana ciki, zai jira baɗi. Ɗakin da kuka ga ba mai shigarsa nan gaba kuma, a sauke shi da hannu tun yana tsaye, a ware azararsa da ƙyaurensa, ƙasarsa kuma a jiƙa ta a buga tubalin da za a cike gindin zaure da shi.